CIWON SUKARI: Halin da Yarinya Ke Shiga Sa'ad da Ta Kai Munzalin Balaga

A cikin watan Agusta na shekarar 1922 aka kai wata yarinya Ba'amurkiya birnin Toronto na ƙasar Kanada, wajen wani likita mai suna Frederick Banting. Sunanta Elizabeth Hughes, mahaifinta kuwa shi ne Sakataren Harkokin Waje na Amurka a wancan zamani, watau Charles Evans Hughes. Shekarunta 15 ba 'yan kwanaki, amma da aka ɗora ta a kan ma'auni sai aka tarar nauyinta laba 45 ne kacal, kimanin kilo 20 ke nan, abin da ɗan shekara shida yakan auna. Tun tana 'yar shekara 11 ciwon sukari ya kama ta. A lokacin kuwa likitoci ba su da wata dabara sai ta horon yunwa, watau a yi ta rage wa mara lafiya abinci har ya zama ƙashi da rai, don kawai a ƙara masa 'yan watanni ko 'yan shekaru a duniya.

Banting ya fara yi mata allurar insulin, maganin da shi da abokan aikinsa suka gano a shekarar 1921. Kafin shekara ta ƙare yarinyar nan ta yi jiki, ta koma gida da ƙafarta. Daga baya ta gama karatun jami'a, ta yi aure a 1930, ta haifi 'ya'ya uku, ba ta rasu ba sai a 1981 tana da shekara 73.

An kawo wannan labari ne saboda iyayen da ke da 'ya mai irin wannan ciwo, ko a Kano suke ko a Sakkwato ko a Maradi, waɗanda ke kallon ta tana tasowa zuciyarsu na ɗar-ɗar. Yarinya mai ciwon sukari tana iya balaga, ta yi karatu, ta yi aure, ta haihu, kamar kowace mace. Sai dai tsakanin ƙuruciya da wannan matsayi akwai shekaru huɗu ko biyar masu wuyar sha'ani, kuma a cikinsu ne yara da yawa ke kuɓuce wa iyayensu da likitocinsu.

Ciwon sukarin da ya fi kama yara ya sha bamban da wanda aka saba gani a wajen manya masu ƙiba. Shi ne ake kira nau'i na farko. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke yin insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga cikin jini ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. A wannan nau'i, dakarun jikin yaro da kansu suke lalata sashen da ke yin insulin. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba. Maganinsa ɗaya ne, allurar insulin kowace rana ta Allah. Shuwaka da darbejiya da garafuni, duk ɗacinsu, ba sa maye gurbinta ko na yini guda.

ABIN DA BALAGA KE YI WA ALLURA

Abin da yakan faru a gidaje shi ne, yarinya ta shekara uku ko huɗu a kan awon allura guda, sukarinta yana zaune daidai gwargwado, kowa hankalinsa a kwance. Tana kaiwa shekara 11 ko 12, ƙirji ya fara tasowa, sai lambobin na'urar awo su fara hawa ba dalili. Nan da nan zargi ya faɗa kanta. Uwa ta ce tana satar shan alewa a makaranta, uba ya ce ta fara taurin kai, wani lokaci har ma'aikacin asibiti ya sa baki a faɗan. Alhali kuwa sau da yawa yarinyar ba ta taɓa kome ba, jikinta ne ya sake.

A shekarar 1986 wata likita mai suna Stephanie Amiel da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka suka auna yadda insulin ke aiki a jikin yara. Suka tarar a lokacin balaga ƙarfin aikinsa yana raguwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma haka abin yake har ga yaran da ba su da ciwon kome. Babban dalili shi ne wani sinadari na girma da jiki ke fitarwa da yawa a waɗannan shekaru, ɗaya daga cikin masu kai saƙo a jini waɗanda ake kira homon. Shi ne ke miƙar da ƙashi ya ƙara tsawo, amma kuma yana yi wa insulin tirjiya. Yaro mai lafiya jikinsa kan ƙara yawan insulin da kansa ba tare da ya sani ba. Mai ciwon sukari kuwa sai an ƙara masa a cikin sirinji. An kuma lura tirjiyar ta fi tsanani a tsakiyar balaga, ta kuma fi ƙarfi ga 'yan mata.

Wannan homon na girma da dare ya fi fita, lokacin barci. Shi ya sa yarinya za ta kwanta sukarinta daidai, ba ta ci kome ba cikin dare, amma da asuba a tarar ya hau. Uwar da ba ta san haka ba sai ta fara binciken ƙarƙashin matashin kai.

Ya kamata mai gida ya yi wannan lissafi, domin aljihunsa abin zai taɓa. Kafin balaga yaro yakan buƙaci abin da bai wuce yunit ɗaya na insulin ba a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. A lokacin balaga buƙatar takan haura yunit ɗaya, ta kai ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu. Kwalba mai ƙarfin U-100 mai cin mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000. Yarinya mai kilo 30 da ke shan yunit 24 a yini, kwalba ɗaya ta ishe ta wata guda har da saura. Bayan shekara uku, ta kai kilo 50, likita ya kai ta yunit 70 a yini, wannan kwalba mako biyu kawai za ta yi. Ma'aikacin da bai shirya wa haka ba sai ya ga kamar ɓarna ake yi, uwa kuma don gudun magana sai ta fara tsimin allura tana rage awo don kwalbar ta kai ranar albashi. Babu abin da ya fi wannan tsimi haɗari.

KWANAKIN AL'ADA

Idan jinin al'ada ya fara zuwa, sai wani sabon lissafi ya hau kan na farko. A galibin mata, kimanin kwana 14 kafin zuwan jini ƙwai yakan fita, daga nan wani homon da ake kira furojestaron ya ƙaru a jini don ya shirya mahaifa. Shi ma yana rage wa insulin kaifi. Saboda haka 'yan mata da yawa sukan ga sukarinsu ya hau a kwana uku zuwa biyar na kafin al'ada, wasu har mako guda. A daidai wannan lokaci kuma kwaɗayin abinci yakan ƙaru, musamman na kayan zaƙi, ga kasala da ke hana motsa jiki. Da zarar jini ya zo sai furojestaron ya sauka, insulin ya dawo da kaifinsa, sukari kuma yana iya faɗuwa ƙasa warwas a rana ta farko ko ta biyu, musamman idan an ƙara allura a kwanakin baya aka manta ba a mayar da ita yadda take ba.

Amma fa ba kowace yarinya ce haka ba. Wata ba ta ganin canjin kome, wata kuma nata sai jinin ya zo yake hawa. Bugu da ƙari, a shekara ta farko da ta biyu al'ada ba ta cika tsayawa a kan lokaci ba, sai ta zo wannan wata ta tsallake na gaba. Don haka babu wani awo guda da za a rubuta wa kowa. Abin da ke aiki shi ne littafi da kalanda. A sami ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, kullum a rubuta awon sukari na safe da na dare da yawan allurar da aka yi, sa'an nan a sa alama da jan biro a ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Bayan wata uku ko huɗu, tsarin jikin yarinyar zai fito fili a kan takarda, har wanda bai yi karatun likita ba zai gan shi. Wannan littafi ake kai wa likita, shi ne zai faɗi yawan abin da za a ƙara, da ranar farawa, da ranar komawa awon da. Waɗanda ke amfani da gaurayen insulin na safe da yamma, wanda ya fi yawa a asibitocinmu, su suka fi buƙatar wannan shawara, domin ƙara shi yana ƙara mai saurin aiki da mai jinkiri gaba ɗaya, kuma wanda ya yi shi tilas ya ci abinci a kan lokaci.

A nan ne kunya take yin ɓarna. A gidajen Hausawa da wuya yarinya ta buɗe baki ta gaya wa mahaifiyarta ta ga jini, balle idan 'yar fari ce, wadda uwar ma ba ta kiran sunanta. Sau da yawa wata yaya ko gwaggo ko ƙawa ce ke fara ji. A asibiti kuma likita namiji ne, uba yana zaune a gefe, ba wanda zai tada maganar. Sai a yi ta juya awon allura wata da watanni ana neman dalilin hawa da saukar sukari, dalilin kuwa yana nan a kalanda. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan haka ne, to, lalle a sami mace guda a gidan, uwa ko inna ko yaya, wadda aka koya wa awo da allura, wadda kuma yarinyar ba ta jin nauyinta. Uba kuma idan ya kai ta asibiti, babu laifi ya fita waje na minti biyar ya bar ta da nas.

Ciwon mara ma yana da nasa tarko. Yarinya tana murƙususu, zuciyarta na tashi, ta ƙi abinci, sai a ce tun da ba ta ci ba kada a yi mata allura. Wannan kuskure ne da ke kai yara kushewa. Jiki yana buƙatar insulin ko an ci ko ba a ci ba. Idan ya rasa, sai ya koma ƙona kitse, wani dafi mai tsami da ake kira kiton ya taru a jini. Alamunsa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da wani wari a baki kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Duk waɗannan ana iya ɗaukar su a kan zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko wahalar al'ada kawai. Ƙa'idar ita ce, ranar da ba ta jin daɗi a ƙara yawan awo, a ba ta ruwa a kai a kai, kada a tsayar da allura. Idan sukari ya wuce 250, ko 14 a na'urorin da ke ƙirga da ƙananan lambobi, ga kuma amai, to, ba a kwana da ita a gida. Haka kuma a kula da abin da ake ba ta don rage ciwon, domin jiƙe-jiƙen da ake haɗawa da zuma, da kunu mai sukari, da lemon kwalba, duk suna shiga lissafi.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata a gaya wa likita ba tare da ɓoyo ba. Na farko ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, wanda yawan sukari ke jawowa, wanda kuma 'yan mata ke ɓoyewa don tsoron kada a zarge su da lalata. Na biyu jinkirin balaga. Yarinyar da sukarinta ya daɗe a sama takan tsumbure, al'ada ta makara ko ta riƙa ɗaukewa. Idan ta kai shekara 13 ƙirji bai fara ba, ko 15 ba ta ga jini ba, a bincika. Zubar jini mai yawa kuma yana kawo ƙarancin jini, wanda kan iya sa gwajin nan na wata uku, da ake rubutawa HbA1c, ya nuna lamba sama da gaskiya.

MAKARANTAR KWANA DA AZUMI

Shekarun nan su ne kuma na tafiya makarantar kwana, inda ƙararrawa ke faɗin lokacin abinci, ga sharar fili, ga wasannin motsa jiki, ga karatun dare. Iyaye da yawa sukan ɓoye wa hukumar makaranta ciwon don kada a ƙi karɓar 'yarsu. Illar haka ita ce ranar da sukari ya faɗi. Yarinya ta fara rawar jiki da gumi, ta rikice, ta yi magana ba kan gado, ko ta yanke jiki ta faɗi tana fizge-fizge. A ɗakin kwanan 'yan mata kowa ya san sunan da za a ba wannan: iska ce ta hau ta. Kafin a gama taruwa a kanta lokaci ya tafi, alhali cokalin shayi uku na sukari a cikin ruwa ya isa ya dawo da ita cikin minti 15, muddin tana iya haɗiya. Idan ta suma ba a ɗura mata kome a baki, sai a kwantar da ita a kan gefenta a garzaya asibiti. Wajibi ne shugabar makaranta, da mai kula da ɗakin shan magani, da ƙawa ɗaya ko biyu su san wannan, kuma a hana shugabannin ɗalibai ƙwace sukarin da ke aljihunta.

Ajiyar insulin ba ta kai yadda ake tsoro ba. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, amma ba sashen ƙanƙara ba. Wadda ake amfani da ita tana iya yin mako huɗu a wuri mai inuwa, kuma ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage zafi ƙwarai. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun gwada irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, wanda ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37, suka bayyana a 2021 cewa insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu.

Balaga ce kuma ke wajabta azumi, kuma babu yarinyar da ke son a gan ta tana ci tsararrakinta na azumi. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da masana harkar Ramadan a 2016, aka sabunta a 2021, ta sa masu nau'i na farko cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su. Wadda ta nace sai ta ga likita makonni kafin watan ya kama, ta riƙa awo da rana, ta kuma karya nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Ramuwar kwanakin al'ada ma haka take, kuma ta fi haɗari ta wata fuska, domin a ɓoye ake yin ta, gidan ba wanda ya tashi sahur.

SAKIN RAGAMA

Wani kuskure kuma shi ne na ganin ta girma, a sakar mata kome rana ɗaya. A yankin Tayside na Sikotilan an taɓa kwatanta insulin ɗin da likitoci suka rubuta wa matasa da wanda suka karɓa a kantin magani, aka bayyana a 1997 cewa kashi 28 cikin ɗari ba su karɓi abin da zai ishe su ba. Can kuwa kyauta ake ba da maganin. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gajiya da allura, kunyar ƙawaye, da kuma, ga 'yan mata, gane cewa barin allura yana sa rama. Wannan ramar ta fitsarar da abinci ce, kuma idanu da ƙoda ke biyan kuɗinta daga baya. Yarinyar da ke ramewa tana ci, ko aka kwantar da ita a asibiti sau biyu a shekara saboda kiton, tambaya take buƙata cikin lalama, domin duka da gori ba sa ƙara kome sai ƙirƙirar lambobin ƙarya a littafi. Ita za ta riƙa yin allurarta, amma babba ya riƙa gani da idonsa ko sau ɗaya a yini.

Wahalar tana da riba. Babban binciken nan da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 ya haɗa da matasa 195. Ko da yake sukarinsu bai sauka kamar na manya ba, waɗanda aka matsa wa kulawa a cikinsu haɗarin lalacewar idonsu ya ragu da fiye da rabi. Saboda haka ne ake son gwajin wata uku ya tsaya ƙasa da kashi 7, a kuma fara duba ido da furotin a fitsari daga shekara 11, ga wadda ta yi shekara biyu zuwa biyar da ciwon.

Maganar aure ma ba ta da nisa a ƙasar nan. Elizabeth Hughes kanta ta ɓoye ciwonta ga kusan kowa har tsufanta, sai da masanin tarihi Michael Bliss ya gano ta a 1980 yana rubuta tarihin insulin. Amma ita tana da likitoci a hannu. Amaryar da aka kai gidan da ba wanda ya san tana allura, ranar da ta faɗi ba mai ceton ta. Ciki kuma yana son shiri, domin gaɓoɓin jariri a makonni takwas na farko suke haɗuwa, tun kafin mace ta tabbatar tana da shi, kuma yawan sukari a wannan lokaci yana ƙara haɗarin ɓari da naƙasa. Likita yakan so a daidaita sukari a kuma fara ƙwayar folik asid watanni kafin a ɗauki cikin.

Idan girma ya tsaya, wajen shekara 16 zuwa 18, tirjiyar nan takan lafa, buƙatar insulin ta ragu. Idan ba a rage awo ba sai ƙiba ta shigo, sukari ya riƙa faɗuwa da dare. A daidai wannan lokaci ne kuma ake sallamar ta daga sashen yara zuwa na manya, inda layi ya fi tsawo, likitan kuma bai san ta ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya su kuma tuna cewa inshorar lafiyarsu 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ta ɗauka, saboda haka kafin ranar ta zo ya kamata a san inda kwalba ta gaba za ta fito, a kuma karɓi takardar bayani daga likitan yara a haɗa da littafin nan mai alamun jan biro a kai wa sabon likita.